Tsintsiyar Fumie

A ƙauyen Sawame, can cikin tsaunukan Yamagata, babu wanda bai san Kuwabara Tokuji ba. Shekara talatin da takwas ya yi yana raba wasiƙu a kan jan babur. Ya san karen kowane gida da sunansa. Ya san tsohuwar da ɗanta ya daina rubuto mata, har yakan tsaya ya sha shayi a wurinta don kada ta ga wucewarsa ta ji ciwo. Magana kuwa ba ta dame shi ba. In ka gaishe shi sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Sanyi fa," ko "Zafi fa," shi ke nan an gama hira. Ko matarsa Fumie ba ya kiran sunanta. "Ke," yake cewa, ita kuma ta ce masa "Baba," kamar yadda 'ya'yansu ke kiran sa tun kafin su watse birane.

Abin da ya sa a ransa shi ne hoto, hoton ma na abu guda. Idan kaka ta yi, ja ya fara gangarowa daga kan tsaunuka zuwa kwari, baƙi kan cika hanya da kyamarori masu dogon baki kamar taɓarya, suna bin kowane jan ganye. Tokuji ba ya bin su. Tasa bishiyar tana bayan gari, a farfajiyar wurin bauta, bayan an hau matakala sittin ta dutse: tsohuwar ginko wadda mutum huɗu ba sa rungume ta.

Ginko ba ta zubar da ganye kaɗan-kaɗan kamar sauran itatuwa. Takan riƙe shi, ruwan zinariya tun daga sama har ƙasa, sai safiyar da raɓa ta fara daskarewa. Ran nan, da rana ta taɓa kanta, sai ta saki komai. Cikin awa ɗaya da 'yan kai ta tuɓe tas, farfajiyar ta koma tamkar an shimfiɗa mata bargo. Ƙarfe takwas hasken yakan tsallako tsauni ya sauka a ƙasa, ya yi minti goma kafin inuwar itatuwan da ke kewaye ta cinye shi. Wannan minti goman Tokuji ke jira duk shekara.

Yana da dokokinsa. Ba ya hawa sai takwas saura kwata, don ba ya son ganin aikin bishiyar a rabi. Yakan kafa kyamararsa a kan dutse ɗaya a bakin matakala, har ƙafafu ukun da yake ɗora ta a kai sun yi wa dutsen 'yan ramuka. Ba ya taka farfajiyar. Ba ya ɗauke ganye, ba ya ƙara ganye, ba ya barin mutum ya shiga. Sau uku yake dannawa ya naɗe kayansa. Da can daga nan yake zarcewa gidan waya, bayan ya bar aiki kuma sai ya riƙa zarcewa tashar bas ya kai fim birni a wanke.

"Abin da bishiya ta yi ke nan," yakan faɗa wa Fumie in ya kawo hoton. "Babu hannun kowa a ciki."

Ita kaɗai yake nuna wa. Takan goge hannu a jikin riga, ta duba, ta ce, "Na bana ya fi na bara kauri," ta koma kan tukunyarta. Shi kuma ya manna a kundi. Hoto arba'in ya tara.

A shekara ta arba'in da ɗaya abu biyu suka faɗo masa cikin wata guda. Fumie ta zamo daga tsani tana rataye kanya a bakin rufi don ta bushe, ƙashin ƙugunta ya karye, aka kwantar da ita a asibitin birni, tafiyar awa guda a bas. Bai gama farfaɗowa daga wannan ba sai ga takardar unguwa tana zagayawa gida-gida. An kawo mai duba itatuwa, ya bubbuga ginkon da guduma, ya ce cikinta ya ruɓe, kuma ta karkata kan rufin wurin bautar. Za a sare ta kafin ƙanƙara ta yi nauyi.

Tokuji ya karanta takardar a tsaye. Ya sake karantawa a zaune. Ya manta ma bai miƙa ta gida na gaba ba sai da aka aiko.

Da ya je asibiti ya faɗa wa Fumie, sai ta juyo ta dube shi.

"Baba, kada na bana ya wuce ka," ta ce. "Ka kawo min in gani."

"To."

"Allon shara yana ƙofarmu?"

Allo ne na katako da ke yawo tsakanin gidaje goma sha huɗu. Gidan da ya kwana a ƙofarsa, shi ke da sharar wurin bauta a makon. Tokuji bai taɓa damuwa da shi ba, aikin mata ne a ganinsa.

"Yana nan," ya ce.

"To ka bar shi a nan."

Bai tambayi dalili ba. Ya ɗauka irin halinta ne na ƙin ɗora wa mutane nauyi. Don haka da Setsuko ta zo bayan kwana biyu da kwanon dafaffen kabewa, ta hangi allon, bai ga abin ƙi ba. Setsuko ajinsu ɗaya tun firamare, kuma tun a lokacin ake jin muryarta daga ƙetaren rafi.

"Toku, wannan allon me yake yi a nan? Kai za ka yi sharar? Kai da ko tsintsiya ba ka san kanta da gindinta ba? Kawo. Mu za mu ɗauke wa Fumie."

Da hannunsa ya cire allon daga ƙusa. Ya miƙa mata da hannu biyu, ya rusuna, ya yi godiya.

Raɓar ta daskare ran sha ɗaya ga Nuwamba. Ya gani tun da ya zuge ƙofa: ganyen kabeji a lambu ya yi fari, ruwan bokiti ya yi ɓawo. Ya ɗumama shinkafa da miyar waken jiya, ya kasa ci. Ya goge gilashin kyamara sau biyu. Takwas saura kwata ya fara hawan matakala, yana tsayawa bayan kowane goma saboda gwiwa. Yadda ya saba, ba ya ɗaga kai sai ya taka na sittin.

Ya taka, ya ɗaga kai.

Ƙasa ce. Baƙar ƙasa da tsakuwa, an share ta ƙal, sawun tsintsiya ya bi ta layi-layi. Bishiyar na tsaye tsirara, babu ganye ko ɗaya a sama, babu ko ɗaya a ƙasa. A gefen bango an jera manyan ledoji goma sha uku, cike taf da ruwan zinariya, an ɗaure bakin kowace da kyau. Gaban ledojin kuma tsofaffi bakwai ne a jere, kowa da tawul a wuya da tsintsiyar gora a hannu, suna haki, suna murmushi.

Da farko ya zaci ya ɓata rana ne, ko ya ɓata wuri. Ya waiwaya ya dubi matakalar da ya hawo. Ya dubi dutsensa mai ramuka uku. Jakar kyamarar ta sulale daga kafaɗarsa ta tsaya a gwiwar hannu.

Oikawa mai unguwa ne ya matso ya rusuna, ya kira shi da sunan girmamawa. "Kuwabara-san, barka da asuba. Mun samu mun gama a kan lokaci."

"Da ƙyar fa!" in ji Setsuko. "Muna sharewa tana zubarwa, muna sharewa tana zubarwa, kamar da gayya. Ƙarshe sai da Oikawa-san ya ɗauko doguwar gora ya kakkaɓe sauran. Kai, Toku, rufe bakinka mana, sanyi zai shiga."

Tokuji ya ce, "Ina... ganyen?"

"Ga shi can a leda. Motar shara na zuwa tara."

"Kun share."

"To da fa? Hoton ƙarshe ne. Muka ce ko sau ɗaya dai bawan nan ya samu wuri mai tsabta. Shekara arba'in muna tausayinka, kana ɗaukar bishiya mai daraja irin wannan a cikin juji."

Tokuji ya ja da baya. Ya zauna a kan matakala ta sittin, a kan sanyin dutsen, bai ma ji ba. Murmushin tsofaffin ya fara dusashewa ɗaya bayan ɗaya.

"Ba bishiyar nake ɗauka ba," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ganyen ne. A ƙasa. Yadda ya zubo."

Wata tsohuwa ta rufe baki da tawul. Oikawa ya dubi gorar da ke hannunsa kamar yanzu ya fara ganin ta, ya ajiye ta a hankali.

"Sharar?" in ji Setsuko. "Sharar kake ɗauka? Shekara arba'in?"

Ya gyaɗa kai.

"Wayyo ni." Ta jingina tsintsiyar hannunta da bishiyar, ta dafe ƙirji. "Wayyo Fumie. Ashe abin da take yi ke nan."

Tokuji ya ɗago. "Me take yi?"

"Au, tambaya kake? Kai wa kake tsammanin ke share nan duk shekara?"

Bai taɓa tsammanin kowa ba. Shi dai ya san in ya zo ganye na nan yana jiran sa, in ya sake biyowa bayan kwanaki babu shi. Iska, ko ruwan sama, ko wani abu dai.

"Ka san doka," in ji Setsuko, muryarta ta sauka yadda bai taɓa ji ba. "Kafin bakwai an gama share gaban wurin bauta. Makon zubar ganye kuwa kowa gudun sa yake, ga sanyi, ga yawa, ga warin 'ya'yan bishiyar nan kamar an yi amai. Amma duk shekara, tun ana zafi, Fumie za ta bi gidaje da kwanon tsamin kokwamba tana roƙon a yi musanya. Mako ukun farko na Nuwamba, nata ne. Kullum kafin shida ta gama. Sai ranar da ganye ya zubo, ranar da aka fi bukatar ta, ran nan ne za ta makara. Takwas ta wuce ba ta fara ba. Mun yi da ita, Toku. Ni na fi kowa. Har suna na sa mata, Uwar Makara. A taron unguwa marigayi baban Oikawa-san ya taɓa tsayar da ita ya yi mata faɗa gaban kowa. Haƙuri kawai ta bayar. Shekara na zagayowa ta sake."

"Ita kaɗai?"

"Ita kaɗai. Mu bakwai yau kamar mu mutu. Ita sai bayan sha biyu take saukowa. In mun ce mu taya ta sai ta ce laifinta ne, ita ta makara."

Tokuji ya dubi ledoji goma sha ukun nan. Sai hannayen Fumie suka faɗo masa a rai. Duk Nuwamba sukan yi ja su saluɓe har wuyan hannu, in ya tambaya ta ce ruwan sanyi ne. Ruwan 'ya'yan ginko ne ke cin fata haka, kowane yaro a ƙauyen ya sani, shi ma ya sani. Ya tuna kuma a makon ne yakan tarar da ƙwayar ginko a cikin turararren ƙwansa na yamma, ya ci, ya ce ta yi daɗi.

Kuma ta ce masa ya bar allon a ƙofa.

Oikawa ya riga ya durƙusa gaban ledar farko yana kwance bakinta. "A mayar," yake cewa. "Ku zo mu mayar. Minti biyar ya isa. Setsuko-san, ke ɗauki ta can. A watsa shi daidai, ba wanda zai gane."

"A'a," in ji Tokuji.

"Kuwabara-san, don girman..."

"Ita za ta gane."

Rana ta tsallako tsaunin. Hasken ya gangaro ta cikin rassan da babu komai, ya kwanta a kan baƙar ƙasa, kowane layin tsintsiya ya fito da 'yar inuwarsa. Tokuji ya miƙe da ƙyar. Ya dasa ƙafafu uku a ramuka uku, ya sunkuya ya leƙa. Tsofaffin suka ja da baya suka manne da bango. Setsuko ta hangi tsintsiyar da ta jingina da bishiyar, ta yunƙura za ta ɗauke.

"Ta wace ce?" ya tambaya, idonsa na cikin kyamara.

"Ta Fumie. A bayan ɗakin nan take ajiye ta."

An naɗe mariƙin da wani shuɗin ƙyalle da ya koɗe. Ya gane shi. Hannun tsohuwar rigarsa ce ta aiki.

"Bar ta."

Ya danna sau uku.

Ran nan bai zarce tasha ba. Ya koma gida ya ɗauko kundin da gilashin da yake karanta jarida da shi, ya zauna a bakin taga. Shekara arba'in yana kallon hotunan nan, tsakiyarsu yake kallo. Yau ya bi gefe. A hoto na tara, can dama, bayan fitilar dutse, ga bakin tsintsiya ya leƙo. A na sha huɗu ma. A na ashirin da biyu, a kusurwar ɗakin bautar, ga kan takalmin roba, ɗan ƙarami, ƙafar hagu. Sau shida ya same ta. Tana zuba masa abinci, ya fita, ta bi ta hanyar baya ta laɓe cikin sanyi tana jiran ya gama. Shi kuwa yana can yana taƙamar bai bar mutum ya shiga ba.

Shayin da ya zuba ya huce a gabansa bai taɓa ba.

Bayan kwana uku ya shiga ɗakin asibitin da ambulan a aljihun ƙirji. Gado huɗu ne a ɗakin. Fumie na kusa da taga, ta rame, an tsefe mata furfura. Ya zauna a kujera, ya ciro hoton, ya kasa miƙawa, sai da ta karɓa da kanta.

Ta sa tabarau. Ta daɗe tana kallo. Ya ga yatsunta sun tsaya cak a gefen takardar.

"Wa ya share?"

"Setsuko. Su bakwai."

"Na ce ka bar allon."

"Kin ce."

Ta sake kallo, ta matso da shi kusa da hanci. "Ka ga Setsuko, daga gindin bishiyar ta fara ta yi waje. Daga bango ake farawa a tattaro ciki, in ba haka ba tsakuwa duk ta tafi. Shekara saba'in da huɗu mace ba ta iya shara ba, sai baki."

Matar gadon kusa ta yi dariya ta rufe da bargo.

"Me ya sa ba ki taɓa faɗa min ba?" ya ce.

Ta dube shi ta saman tabarau. "In faɗa maka? Kai da kake cewa babu hannun kowa a ciki? Da ka san wani ne ke tsare maka shi, da ka ce an shirya, ka daina ɗauka. Sai kuma ka yi me? Ka zauna min a gida kana cewa sanyi fa?"

Gaskiya ta faɗa, da ya daina.

"Ban kawo miki abin da kika ce ba," ya ce. "Kuma babu baɗi."

"Arba'in na gani, da idona, kafin ma kai ka gani." Ta shafa hoton da babban yatsa, wurin da tsintsiyar ke jingine. "Wannan ne ban taɓa gani ba. In na gama, bayana ya riƙe, saukowa kawai nake, ba na waiwayawa. Ashe haka wurin yake."

"Fumie."

Ta ɗago da sauri har tabarau ya zame. Matar gadon kusa ta leƙo daga bargo.

"Iye? Ashe ya san sunanki," ta ce. "Mako uku ina nan, na zaci Ke ne sunan."

"Yi shiru, Yaya," in ji Fumie, kunnuwanta sun yi ja. Ta miƙa masa hoton ba ta dube shi ba. "Jingina min shi a taga, inda zan gani. Ka wanke wani ka sa a kundin."

An sare ginkon a makon farko na Disamba, bayan mai kula da wurin bautar ya yi mata addu'a ya zuba mata giyar shinkafa a gindi. Tokuji bai zo da kyamara ba. Ya tsaya cikin mutane da hularsa a hannu har aka gama.

Da yamma ya je gidan Setsuko ya ce allon ya zo karɓa. Ta dube shi sama da ƙasa, ta buɗe baki za ta yi tsiyarta, sai ta fasa, ta ciro masa.

Washegari ƙarfe shida ya hau matakala sittin, yana tsayawa bayan kowane goma. Garin katako ya rufe farfajiyar, ga ɓawo da ƙananan rassa ko'ina, kututturen na tsakiya fari fat. Ya zagaya bayan ɗakin ya ɗauko tsintsiyar mai shuɗin ƙyalle. Ya nufi kututturen zai fara, sai ya tsaya. Ya juya ya koma bango.